Shin Na'urar Tiyunin Na Ƙara wa Mota Ƙarfin Jan Kaya da Gaske?

Idan aka jona wa mota wata 'yar na'ura, ko aka shiga kwamfutar injinta aka sauya lissafi, sannan aka ce an ƙara mata ƙarfin doki 60 ko 80, shin ta zama motar da za ta iya jan kayan da suka fi na da? Tambayar ke nan da ake ta ja-in-ja a kanta tsakanin masu manyan motoci da direbobi da makanikai, tun da bidiyoyin tiyunin suka fara yawo a Facebook da TikTok. Ana nuna a-kori-kurar Amurka ta ɗauro tirela tana haye dutse kamar ba ta ja komai ba, ga mai talla yana cewa har mai ma za ta rage sha. A lokacin da man gas ya yi tsada, kuma kowane mai mota ke son lodi ɗaya ya yi aikin biyu, irin wannan magana tana saurin shiga kunne.

Ƙarfin injin yana ƙaruwa, wannan babu ƙarya. Amma nauyin da motar za ta iya ja cikin aminci bai motsa daga inda yake ba. Tsakanin waɗannan maganganu biyu ake asarar injuna, wani lokaci har da rayuka.

Mene ne tiyunin ɗin?

Injin gas na zamani kwamfuta ce ke tafiyar da shi, wadda makanikai ke ce wa ƙwaƙwalwar mota. Ita ke yanke shawarar yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da zai fesa shi, da yawan iskar da turbo zai tura cikin silinda. Tana yin hakan ne bisa wasu jadawalai da kamfani ya rubuta mata. Tiyunin shi ne taɓa waɗannan jadawalai.

Abin da ake sayarwa da wannan suna ba iri ɗaya ba ne. Akwai na'urar hannu da ake jonawa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, kafar da dokar Amurka ta wajabta sa wa ƙananan motoci tun 1996, sai ta goge lissafin kamfani ta rubuta nata. Akwai wani ƙaramin akwati da ake saƙalawa tsakanin na'urorin awo da kwamfutar. Shi ba ya sauya lissafi, yaudarar kwamfutar yake yi: ya gaya mata matsin mai ya yi ƙasa alhali bai yi ba, ita kuma ta ƙara. Sai wanda ake jonawa a totur, wanda ko ƙarfin doki ɗaya ba ya ƙarawa, yana dai sa mota ta zabura da an ɗan taɓa ta, direba ya ji kamar an canza masa inji.

Abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Tsofaffin manyan motoci masu injekta ta ƙarfe, da da yawa daga cikin Howo da ke kan titunanmu, ba sa buƙatar kwamfuta. Mai gyaran injekta zai murɗa wani sukuru ya buɗe mata mai, a fita gwaji ta tashi da baƙin hayaƙi, a ce yanzu ta samu ƙarfi. Dabarar ɗaya ce, kayan aikin ne suka bambanta.

Daga ina ƙarin ƙarfin yake fitowa?

Ƙarfin inji iri biyu ake aunawa. Akwai ƙarfin murɗawa, wanda ake rubutawa da ma'aunin Nm, shi ne ke tayar da mota daga tsaye da kaya a bayanta. Akwai kuma ƙarfin doki, wanda shi ne ƙarfin murɗawar idan an haɗa shi da saurin juyawar injin, kuma shi ke nuna irin gudun da mota za ta iya riƙewa a kan hawa. Mai jan kaya yana buƙatar duka biyun, amma ya fi damuwa da samun murɗawa mai yawa tun injin bai yi ihu ba.

Masu goyon bayan tiyunin suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a faɗe ta yadda take. Kamfanoni kan ƙera inji ɗaya su sayar da shi a matakan ƙarfi daban-daban. DAF XF105 da muka saba gani tsakanin Kano da Legas misali ne: injinta mai lita 12.9 ana sayar da shi da ƙarfin doki 410, da 460, da 510, murɗawarsa kuma daga Nm 2,000 zuwa 2,500. To idan ƙarfen ɗaya ne, me zai hana mai 410 ya sa a mayar masa da tasa 460? A kan wannan tunani kasuwar tiyunin ta ginu, kuma akwai gaskiya a cikinsa.

Sai dai kamfani bai bar wannan rara don rowa kaɗai ba. Yana ƙera inji ne ba tare da sanin inda zai ƙare ba: ko a sanyin Holan, ko a zafin Sakkwato cikin watan Afrilu, ko a hannun mai canza baƙin mai a kan kari, ko a hannun wanda sai ya tuna. Rarar da ya bari ita ke shanye gurɓataccen mai, da toshewar matatar iska a lokacin hunturu, da lagireton da ƙura ta cike, da tsufan nozul. Wanda ya yi tiyunin ba sabon ƙarfi ya ƙirƙiro ba, wannan ajiyar ya ciro ya kashe. Ba'amurken da ke jan tirelar shaƙatawa a ƙarshen mako, da sabuwar mota da mai mai tsabta, ajiyarsa cike take. Motar da ta gama aiki a Turai kafin ta sauka a Apapa ko Kwatano, kuma take ɗaukar abin da ya wuce ƙa'ida kullum cikin zafin da kan haura digiri 40, ta riga ta cinye tata tun kafin mai kwamfuta ya iso.

Wani abin lura kuma, a Amurkar kanta buƙatar tiyunin ta ragu. Injin Cummins na farko da aka sa wa a-kori-kurar Dodge a 1989 ƙarfin doki 160 gare shi da murɗawa kusan Nm 540, don haka akwai fili babba na ƙari. A 2023 kuwa Ford ta fitar da inji mai lita 6.7 da ƙarfin doki 500 da murɗawa sama da Nm 1,600 tun daga masana'anta. Kamfanonin da kansu sun kwashe mafi yawan abin da za a iya kwasa.

Nawa ake samu a kan hawa?

A yi lissafi mai sauƙi. A ɗauki tirela mai nauyin tan 50 gaba ɗaya, kai da bodi da kaya, a kan hawan da ke tashi mita 6 a kowace mita 100. Da ƙarfin doki 410 irin na wancan injin DAF, gudun da za ta iya riƙewa bai wuce kilomita 30 a awa ba. A ƙara mata kashi 15 cikin 100 na ƙarfi, wanda shi ne irin ƙarin da za a kira mai hankali, sai ta koma wajen kilomita 34 ko 35. A hawa mai tsawon kilomita 5, direba ya ci ribar minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi. Ribar gaske ba a agogo take ba, tana wajen rage yawan sauya giya da samun sauƙin wuce wata mota.

Yanzu a lafta wa wannan motar kaya har ta kai tan 70. Gudunta a hawan zai faɗo zuwa wajen kilomita 21. Kafin ta koma 30 sai an ƙara mata kashi 40 cikin 100, wato ƙarfin doki kusan 575, abin da ya zarce mafi girman matakin da kamfanin ya yarda ya sayar da wannan injin. A nan ne na fi jin tsoron abin, domin mafi yawan masu neman tiyunin a wurinmu ba minti ɗaya suke nema ba, obalodi suke so ya daina nuna kansa.

Zafi ne ke fara karɓar bashi

Man da inji ya ƙona, ƙasa da rabinsa ne ke zama ƙarfin juya taya. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ya bi ruwa zuwa lagireto. Duk ƙarin mai ƙarin zafi ne. Motar da ba ta ɗauke da komai takan taka totur na daƙiƙa goma ta saki, injin ya huce. Mai jan kaya a hawa yakan danne shi minti goma ko ashirin ba sassauci, ga tafiya a hankali, iska ba ta dukan lagireto sosai. Shi ya sa lissafin da ya yi kyau a gwajin bakin gareji yake kashe inji a kan dutse.

Masu jan kaya da a-kori-kurar gas a Amurka suna sa wani agogo na musamman da ke auna zafin hayaƙi kafin ya shiga turbo, kuma iyakar da suka saba kiyayewa ita ce kada ya zauna sama da digiri 675 zuwa 680 na tsawon lokaci. Ƙarfen gorar ruwa, wato alminiyom, wanda da shi ake yin fistin na injuna da yawa, yana narkewa a digiri 660. Abin da ke hana fistin narkewa shi ne baƙin man da ake fesa masa ta ƙasa, da sabuwar iskar da ke shigowa kowane zagaye. Idan zafin ya daɗe, sai kan fistin ya tsage, ko gaskit ya ƙone, ko fuka-fukan turbo su lalace. Allurar zafin ruwa da ke gaban direba ba ta ganin wannan da wuri. Kafin ta tashi, aikin gama ya gama.

Baƙin hayaƙin da wasu ke ɗauka alamar ƙarfi ne, man da bai samu isasshiyar iska ya ƙone ba ne. Kuɗin mai motar ne ke fita ta salansa, wani ɓangarensa kuma yana gangarawa cikin baƙin mai ya lalata shi.

Abin da na'urar ba ta taɓawa

Adadin nauyin da kamfani ke rubuta cewa mota za ta iya ja ba daga inji kaɗai ake samo shi ba. A Amurka akwai ƙa'idar gwaji mai suna J2807 da ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ta fitar a 2008. Cikin gwajin har da hawan wani titi kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona, mai tsawon kusan kilomita 18 da tashin kusan mita 900. Dole zafin gari ya kai aƙalla digiri 38, na'urar sanyaya cikin mota tana aiki a ƙarshenta, kuma mota mai taya ɗaya a kowane gefen baya kada gudunta ya faɗi ƙasa da kilomita 64 a awa, ba tare da ta yi zafi ko ta kunna fitilar gargaɗi ba. Bayan wannan ana gwada tashi daga tsaye a kan hawa, da birki, da birkin hannu, da yadda tirela ke lilo a baya. Duk wanda ya fi rauni a cikin waɗannan shi ke yanke adadin. Tiyunin abu ɗaya kawai ya taɓa a cikinsu. Kamar a canza wa amalanke sa mai ƙarfi ne a bar ta da tsofaffin ƙafafunta.

Giyabos ma yana da iyakarsa, har a sunansa ake rubutawa. Na kamfanin ZF mai lamba 12 AS 2330, wanda ake samu a manyan motocin Turai da yawa, an yi shi ne don murɗawar da ba ta wuce Nm 2,300 ba. Idan aka tura masa 2,600 ba zai fashe ranar ba. Kuloci ne zai fara sulɓi a manyan giya, a ji ƙauri, a canza, ya sake, daga baya haƙoran giya ko furofela su biya sauran.

Sai birki, wanda shi ne ya fi komai. Duk direban da ya san Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga ya san hawan wahala ce kawai, gangarar ce ke kisa. Ƙarfin da birki zai shanye kafin mota ta tsaya yana ƙaruwa daidai da nauyi, amma da gudu ninkawa yake yi. Motar da ke kilomita 80 a awa tana ɗauke da ƙarfin da ya fi na mai kilomita 60 da kusan kashi 78 cikin 100. Ga shi kuma sau da yawa wanda ya shiga kwamfutar don ƙara ƙarfi, a zama ɗaya yake cire takunkumin gudu. Manyan motocin Turai suna zuwa da takunkumin kilomita 90, dokar hanya ta Najeriya ta tsayar wa tirela da tanka kilomita 60 a babban titi mai tagwayen hanya, kuma hukumar FRSC ta fara tilasta sa na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun 1 ga Fabrairu, 2017. Raunin inji a hawa, duk da yana ba direba haushi, shi ne ke fara gaya masa cewa kaya sun yi yawa. In aka toshe bakin wannan mai gargaɗi, saura gangara ta yi bayani.

Rigimar hayaƙi

A Amurka, inda wannan kasuwa ta fi girma, faɗan da ake yi da hukuma ba a kan ƙarin ƙarfi yake ba, a kan kayan tace hayaƙi yake. Daga 2007 motocin gas suka fara zuwa da matatar da ke kama toka a salansa, daga wajen 2010 kuma da tsarin fesa wani ruwa mai sinadarin yuriya, wanda a Turai ake kira AdBlue, don rage iskar da ke cutar da huhu. Na'urorin tiyunin da yawa ana sayensu ne don a kwance waɗannan kaya, kwamfutar kuma ta yi shiru. Rahoton hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, na 2020 ya ƙiyasta cewa an yi wa a-kori-kura fiye da 550,000 haka cikin shekara goma, kusan kashi 15 cikin 100 na irinsu, kuma za su fitar da ƙarin gurɓatacciyar iska sama da tan 570,000 a tsawon rayuwarsu. Dokar tsabtar iska ta ƙasar ta haramta yi da sayarwa. A 2018 kamfanin da ke da na'urorin tiyunin masu suna Bully Dog da SCT ya amince da biyan tarar dala 300,000 tare da kashe sama da dala miliyan 6 wajen gyara kayansa. Masu ƙera injin ma ba su tsira ba: a ƙarshen 2023 aka sanar da cewa Cummins zai biya dala biliyan 1.675 kan zargin sa manhajar kauce wa gwajin hayaƙi a motocin Ram kusan 630,000.

Manoma da direbobin can su ma suna da kukansu, kuma ba na banza ba ne. Idan wata 'yar na'urar awo ta tsarin yuriya ta samu matsala, kwamfuta kan daƙile motar har ta koma tafiyar kilomita 8 a awa, ko da dabbobi ne a tirela a tsakiyar daji. A watan Agustan 2025 hukumar EPA ta nemi kamfanoni su sassauta wannan daƙilewa. A ɗaya ɓangaren kuma, tun 2012 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin gas cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansar huhu. Don haka a can an raba abin gida biyu: akwai tiyunin da ke barin kayan tace hayaƙi a wurinsu, wasu ma suna da lambar amincewa daga hukumar jihar Kalifoniya, akwai kuma na kwancewa.

Yadda abin ya shafe mu

A nan labarin ya ɗan bambanta, domin manmu ne ya fara tilasta kwancewar. An ƙera matatun hayaƙin Turai don man da sinadarin farar wuta a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Najeriya ta daɗe tana yarda da mai mai kashi 3,000. Sai a Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a birnin Wagadugu da a sauko zuwa 50. Motar da aka shigo da ita ta sha irin wancan man, matatarta ta toshe, AdBlue kuma ba a kowane gari ake samu ba, mai ita ba shi da zaɓi mai yawa. Ban ga laifinsa kamar na wanda ya kwance don nishaɗi ba. Amma hayaƙin ba ya tambayar dalili. Yaron mota ne ke shaƙarsa, da mai shayi a Mararrabar Jos ko Tafa inda tireloli ke kwana, da yara masu talla a gefen titi.

Ƙa'idar nauyi ma tana nan a rubuce. A Nijar da sauran ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka masu amfani da kuɗin sefa, doka mai lamba 14 ta 2005 ta tsayar da tan 11.5 a kan aksul ɗaya mai jan mota, da tan 51 ga tirela mai aksul shida. A Najeriya an hana loda wa tankoki masu lita 60,000 mai daga 1 ga Maris, 2025, bayan jerin haɗurran da suka ci rayuka masu yawa. Babu lissafin kwamfuta da ke sauya abin da sikeli zai nuna, ko abin da taya da sifirin da kwalta za su ɗauka.

To wa ya dace ya yi, kuma yaya?

Akwai wanda tiyunin zai amfana: mai lafiyayyen inji, wanda ke lodi cikin ƙa'ida, yana bin hanya mai hawa, kuma ƙarin da yake so bai wuce matakin da kamfanin ke sayar da irin injin ba. Shi ma sai ya tabbatar giyabos da kulocinsa na wannan matakin ne, ya sa agogon zafin hayaƙi, ya sa a adana masa ainihin lissafin kamfani kafin a goge, domin ranar da abu ya rikice shi ne hanyar komawa. In motar sabuwa ce mai garanti, ya sani cewa kwamfutoci da yawa suna ajiye tarihin sau nawa aka sake rubuta su, kuma kamfani na iya ƙin gyara abin da tiyunin ya lalata.

Kafin a kai ga nan, yawancin motocin da ake kuka da cewa ba sa ja ba ƙarin mai suke nema ba. Matatar iska ce ta toshe, ko wani tiyo tsakanin turbo da inji yana yoyon iska, ko nozul sun gaji, ko birki na kamawa, ko iskar taya ta yi ƙasa. Gyara waɗannan yana dawo da ƙarfin da ya ɓace ba tare da an taɓa ajiyar injin ba. A buɗe wa irin wannan mota mai kuwa, an ƙara mata zafi ne a kan ciwo.

Batun rage shan mai kuma a bi shi a hankali. Yana yiwuwa a samu ɗan sauƙi idan ƙarin murɗawa ya sa direba ya zauna a babbar giya. Amma lambar da ke fitowa a allon gaban direba kwamfuta ce ke lissafa ta daga man da take zaton ta fesa, kuma akwatin da ke yaudarar ta yana sa ta faɗi ƙasa da gaskiya. Awon da za a yarda da shi shi ne a cika tanki, a yi tafiyar da aka saba da lodin da aka saba, a sake cikawa a ga lita nawa ta ci, a maimaita sau da dama kafin tiyunin da bayansa.

Mai sayen mota ta hannu shi ya fi kowa shiga duhu, domin tiyunin ba ya barin alama a jikin fenti. Kafin ya biya, ya sa mai kwamfuta ya karanta ƙarfin da ke rubuce a ƙwaƙwalwar ya gwada da wanda ke kan farantin kamfani a jikin injin. Ya leƙa salansa ya ga ko an yanke an yi walda, ya duba ko tankin AdBlue na aiki ko ado ne kawai, ya bi wayoyin da ke kusa da famfon mai ko akwai wani akwati da aka saƙala. Sannan ya nemi a gwada ta da kaya a kan hawa, shi kuma ya tsaya a baya yana kallon abin da ke fita daga salansa.